Samurai ma suna cin bashi, kira ga masu fassara da masu shirya fim

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya haƙuri da jama'a. Dan Allah a ɗan sam min fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi wata magana da na san wasu za su ce ta rashin aikin yi ce, wato maganar finafinan barkwanci na Japan masu labarin samurai, mayaƙansu na zamanin da. Na san akwai mai cewa ana fama da tsadar hatsi da ɗaukewar kuran shi wannan samurai ne ya tsone masa ido, to a yi min uzuri abincina ke nan, ni mai tura fim ne a waya da kile a nan Zango cikin Damagaram, kuma abin da zan faɗa ya shafi masu yi mana fassara da masu shirya fim na nan gida da na Kano.

Duk wanda ya zo shagona ya ce a sa masa na samurai abu ɗaya yake nufi, takobi da jini da wani bawan Allah mai ɗaure fuska wanda ba ya dariya tun farkon fim har ƙarshe, in an ci shi da yaƙi ya zauna ya farke cikinsa da kansa. Yawanci ma ba sa bambance shi da na Cana, duk ɗan Cana suke cewa. Tambayar farko akwai faɗa? ta biyu an fassara? In ka ce ba fassara sai rubutun Faransanci a ƙasa sai ya ce bar shi kawai sa min Indiya. Ban ga laifinsu ba, abin da ake kawo mana ke nan. Amma su Japanawan da kansu sun daɗe suna yin wani irin fim da suke zolayar samurai ɗin nan nasu, kuma ni a wajena ya fi na jinin daɗi nesa ba kusa ba, in tarihi ake bi ma ya fi shi kusa da gaskiya.

Daga 1603 zuwa 1868 gidan Tokugawa ne ke riƙe da Japan, shugabansu shi ake kira shogun, yana zaune a Edo garin da yau ake ce wa Tokiyo, shi kuma sarkin sarakunan yana can Kiyoto da suna kawai ba iko. In aka cire shekarun farko, an yi sama da shekara 200 ba wani babban yaƙi a ƙasar. To mayaƙin da ba yaƙi me zai yi? Sai suka koma ma'aikata, wannan magatakarda wannan mai tsaron rumbu wannan mai karɓar haraji wannan mai gadin ƙofa, ga takubba biyu a ƙugu waɗanda da yawansu har su koma ga Allah ba su taɓa zare su a kan mutum ba. Albashin ma da shinkafa ake lissafa shi, da wani ma'auni da suke kira koku wanda ya kai kamar lita 180, abin da ake ganin zai ci da mutum ɗaya shekara guda. Sai ya kai shinkafar wajen dillalai su mayar masa da ita kuɗi, kuma a wajen dillalan nan dai yake cin bashi a kan ta baɗi, albashi gado ne ba ya motsi kaya kuwa kullum tashi suke. Ƙananansu har lema suke haɗawa a cikin gida a kai kasuwa, wani ya kai takobinsa jingina ya fere gora ya cusa a kube yana tafe yana taƙama ba wanda ya san abin da ke ciki. Har karin magana gare su wai samurai ko bai ci komai ba sai ya fito yana sakace. Ma'aikacin da ya taɓa kai 20 ga wata aljihu wayam amma ya goge shaddarsa ya fito yana gaisawa da mutane ba sai an yi masa bayanin wannan sakacen ba.

Wanda ya fi ba ni dariya a cikin finafinan nan shi ne Chokosoku Sankin Kotai na 2014, Katsuhide Motoki ne ya ba da umarni, amma sai an san dokar da aka gina shi a kanta kafin a ji daɗinsa. A 1635 shogun na uku Iemitsu ya tabbatar da doka cewa sarakunan larduna, kuma sun haura 200, za su riƙa yin shekara ɗaya a Edo shekara ɗaya a ƙasarsu, uwargida da magaji kuwa a Edo za su zauna dindindin, kai da ji ka san garkuwa aka yi da su ba a dai faɗa ba ne. Tafiyar kuma ba a sulale ake yin ta ba, dole ayari ne daidai darajarka, masu māsu da masu ɗaukar akwatuna da masu dawaki da masu dafa abinci, babban lardi irin Kaga da dubban mutane yake tafiya. Kuɗin masauki da ciyarwa da riƙe gida biyu duk a wuyan sarkin, ka ga ina zai samu rarar da zai tara makamai ya yi tawaye. Shi ya sa da yawansu hayar 'yan ƙwadago suke yi in za a shiga babban gari, a sa musu kaya ayari ya yi kauri, ana fita gari a sallami kowa ya kama gabansa, wannan ba ƙirƙirar fim ba ce haka aka yi.

A fim ɗin shekarar 1735 ce, sarkin wani ɗan ƙaramin lardi mai suna Yunagaya can yankin Fukushima na yau, koku 15,000 kacal, dawowarsa ke nan daga Edo ko gajiya bai huce ba baitulmali ƙaf, sai ga takarda wai ya koma cikin kwana 5, tafiyar da aka saba yi a kwana 8. Wani babban bafade ne a fadar shogun ya ƙulla abin don yana kwaɗayin wani ramin zinariya da ke ƙasarsu, in suka makara an samu dalilin ƙwace lardin. Ba kuɗi ba mutane ba lokaci. Sai wazirin sarkin, wani dattijo da dabara ba ta ƙare masa, ya ce mutum ƙalilan za su tafi da gudu ta cikin duwatsu, takubban ƙarfe nauyi gare su a ɗauki na gora, in an zo garin da jami'an shogun ke zaune suna duba ayari sai a yi haya. To nan ne na yi dariya har sai da maƙwabcina mai caji ya leƙo ya ga ko lafiya. Kuɗinsu bai kai na hayar mutane da yawa ba, sai waɗanda suka riga suka wuce gaban jami'an su zagaya ta baya da gudu su dawo su shiga wutsiyar layi su sake wucewa a natse, fuska a murtuke ana tafiyar ƙasaita, sai ka rantse ba su ba ne yanzun nan suke haki a lungu. Shi kuma sarkin ga shi gwanin takobi amma tsoron rufaffen wuri gare shi, ɗan akwatin nan da ake ɗaukar manya a ciki a kafaɗa azaba ne a wajensa, ko ban ɗaki ya shiga ba ya yarda a rufe ƙofa.

Kuma fa ba a mayar da sarkin nan wawa ba. Mutumin kirki ne mai tausayin talakawansa, yaransa na sonsa tsakani da Allah, abin da ake wa dariya dokar ce da ta tilasta wa matalauci yin shigar mai hali. Wajen ƙarshe dai sun cika shi da faɗan ninja wanda ni da an rage da ya fi min, amma na san masu saye a wajena a nan ne za su gyara zama.

Na biyun ba barkwanci ne zalla ba, dariyarsa a hankali take zuwa, sunansa Bushi no Kakeibo na 2010, aikin Yoshimitsu Morita. Wani masanin tarihi Michifumi Isoda ne ya ci karo da littattafan lissafin wani gidan samurai mai suna Inoyama a shagon tsofaffin littattafai a Tokiyo, gidan kwantabul ne na lardin Kaga iyaye da kakanni, sun rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita na sama da shekara 30, ya yi littafi a kai daga baya aka mai da shi fim. Ɗan gidan ya zauna ya buga lissafi ya ga bashin da ke kansu ya ninka abin da suke samu a shekara, ya tara iyali ya ce kayan gida za a sayar a biya, uwarsa na ƙanƙame da tufafinta na ado tana magiya a bar mata. Ga kuma bikin ɗansa ƙarami, al'adarsu a irin wannan rana sai an ajiye wa kowane baƙo wani jan kifi mai tsada da suke kira tai a gabansa. Ba kuɗin kifi. Sai aka zana kifin a takarda aka ajiye wa kowa nasa. Dangi sun sha manyan kaya sun zauna a jere kowa ya zuba wa takarda ido, surukai na kallon juna an rasa mai buɗe baki, kamara kuma ba ta yi gaggawa ba ta bar su cikin kunyar nan, har sai da yaron da ake bikin dominsa ya fara murna yana cewa ga kifi ga kifi. Wallahi ban san lokacin da dariya ta koma min tausayi ba.

Sauran in taƙaita. Akwai Tono Risoku de Gozaru na 2016, shi ma daga rubutun Isoda ɗin ne kuma ya faru da gaske a wani ƙaramin gari Yoshioka cikin lardin Sendai. An ɗora wa garin dakon kayan hukuma da kuɗin aljihunsu har mutane na kwashe iyali suna gudu, sai mutum 9 suka yi ta maza suka tara ryo 1,000, kuɗin zinariya na lokacin, suka ba sarkinsu bashi don ribar da zai riƙa biya duk shekara ta ɗauke wa gari nauyin dakon. Talaka ne fa ya ba sarki bashi. Mu dai kuɗin ruwa haramun ne wannan ba gardama, abin da ya burge ni yarjejeniyar da suka yi ce cewa wanda ya sa kuɗinsa kada ya yi alfahari, ko taro ake ya nemi baya ya zauna. Har labarin da suka fi girmamawa ba su ƙyale ba, na samurai 47 ɗin nan da suka ɗaukar wa ubangidansu fansa a farkon shekarun 1700, a 2019 Yoshihiro Nakamura ya yi Kessan Chushingura inda abin da jaruman suka kashe sai farashinsa ya fito a jikin allo, kuɗin tafiya kuɗin hayar gida kuɗin kayan yaƙi, masu lissafi na ta ƙorafi kuɗin fansa na zurarewa tun ba a je ko'ina ba. Kuma abin ba na yau ba ne, tun 1935 Sadao Yamanaka ya ɗauki Tange Sazen, jarumi mai ido ɗaya da hannu ɗaya da aka saba gani yana sare mutane, ya mai da shi mai rainon maraya, ana ta neman wata tsohuwar tukunya mai sirrin dukiya alhali tana wajen yaron yana kiwon 'yan kifaye a ciki. Yamanaka ya rasu a 1938 yana da shekara 28, fim uku kawai suka rage cikin nasa.

Inda na dosa Malam Edita shi ne, mu a nan in za a taɓa tarihi a fim sai kowa ya ɗaure fuska, kirari da algaita da tambari da yaƙi, barkwancinmu kuma yawanci na zamani ne, baƙauye ya shigo birni, mai mata biyu ya shiga uku, mai bashi na ɓuya a bayan ƙyaure. Marigayi Ibro ya ba mu dariya iya dariya Allah ya jiƙansa, su Yazi Dogo ma mun taso muna kallonsu a tele, amma ba kasafai za ka ga an haɗa tarihi da raha a tukunya ɗaya ba. Alhali zolayar manya ba baƙuwa ba ce a Damagaram. Wasan kara namu ne, samari su yi shigar gwamna da ministoci da sarakuna, a ƙera kayan aiki da kara, a kwaikwayi tafiyar mutum da yadda yake gyara murya in zai yi jawabi, jama'a na shewa ba wanda ya ce an ci mutunci. Ga wasan taubasai da na ƙabilu, Babarbare ya ga Bafillace ya ce bawana a yi dariya a wuce, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Fadar Hausa kanta ta san wawan sarki tun kafin a ƙirƙiro kamara.

Labaran kuwa ga su nan zube. Kowa ya san Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa kuma an ƙera igwa a zamaninsa, to wane ne aka ɗora wa ciyar da masu ginin nan, ya ya kwana ranar da hatsi ya ƙare ga dogari a ƙofar gida? Maƙerin da aka ce ya zuba igwa bai taɓa ganin yadda ake yi ba, wa zai tsaya kusa ranar gwaji? Ko mai garin da aka aiko wa ya zo hawan sallah da dawakinsa alhali guda uku gare shi ɗaya ma gurgu, ya bi ƙauyuka aron doki da sirdi da alkyabba, kowane mai aro da sharaɗinsa. A Japan sun yi Hikkoshi Daimyo a 2019, labarin wani mai tsaron littattafai da ko magana da mutane ba ya iyawa aka ɗora masa kwashe lardi guda daga Himeji zuwa tsibirin Kyushu ba kuɗi. Mu da a 1926 Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka mayar Yamai, a ce a yi fim kan wani ɗan akawu da aka ce ya tattara takardun ofis ya ɗora wa raƙuma, ai ko ni da ban iya rubuta fim ba ina ganin inda dariyar take. Labaran nan namu na gida duk ƙirƙira ce tawa ban ce haka aka yi ba, misali nake bayarwa.

Na san abin da za a ce min, sarauta ba abin wasa ba ce kuma zuriyar mutanen nan suna raye muna gaisawa da su. Gaskiya ne, ni ma ba zan so a fito da wani sarki na gaskiya ana masa shaƙiyanci ba. Amma a duba finafinan da na lissafa, kusan duk ba babban ake bi ba, ana bin waziri ne da ma'aji da mai ɗaukar akwati, mutanen da ƙasaitar ke kan wuyansu, kuma in fim ya ƙare tausayinsu da girmansu ne ke ƙaruwa a idonka. Za a kuma ce fim ɗin tarihi kuɗi yake ci. To a 2024 wani Junichi Yasuda, wanda manomin shinkafa ne ma a gefe guda, ya yi Samurai Taimu Surippa da ɗan abin hannunsa da ma'aikata ƙalilan, labarin samurai da aradu ta faɗa masa ya farka a zamaninmu cikin wurin ɗaukar fim a Kiyoto, ya rasa sana'a sai ya zama ɗaya daga masu fitowa a sare su su faɗi. A sinima ɗaya tak aka fara nuna shi a Tokiyo, baki ya yaɗa shi ƙasa duka, a 2025 ya ci kyautar fim mafi kyau ta Akademin Japan. Mu kuwa lungunan Birni da gidajen ƙasa masu zane suna nan ba sai an gina ba, dawaki da kayan doki suna nan, dukawa da teloli suna nan, abin da ya rage mai zama ya rubuta labari ne ya tambayi tsofaffi yadda ake biyan haraji da yadda ake aro a da.

Ku kuma 'yan uwana masu fassara, dan Allah ku gwada ko guda ɗaya cikin waɗannan, ni na ɗauki alkawarin tallata shi ga duk wanda ya miƙo min waya. Amma da roƙo. Kafin fim ya fara a ɗauki minti biyu a yi wa mai kallo bayanin dokar zuwa Edo da albashin shinkafa, in ba haka ba zai ga mutane na gudu ne kawai bai san dalili ba. Wajen sunayen sarauta kada a wahalar da kai, waziri da ma'aji da hakimi da dogari duk muna da su kuma za su zauna daram. Akwai shan giya da gidajen mata a wasu wuraren, wannan kun fi ni sanin yadda kuke yi da shi. Babban roƙon shi ne a rage surutu, don na lura in aka yi shiru na daƙiƙa biyar a fim sai mai fassara ya ga kamar bai yi aiki ba ya cusa nasa barkwancin ko ya hau gaida abokansa na unguwa, a fim ɗin Indiya wannan na iya wucewa amma a nan rabin dariyar a cikin shirun take, wurin kifin takardar nan in mutum ya yi magana a kai ya kashe shi gaba ɗaya.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka, a gaida ma'aikata.

Naku, mai tura fim a Zango, Damagaram.